Ranar Shiga Rami: Gyaran Manyan Jiragen Ruwa na Yawon Shaƙatawa Idan Hanya Ta Sauya

 



Maganata a yau a kan manyan jiragen ruwa ne na yawon shaƙatawa, waɗanda ke kwasar dubban mutane su yi mako guda ko biyu suna zagaya tsibirai da biranen bakin teku. Ba shagalin da ake yi a cikinsu ne ya dame ni ba. Abin da nake so mu duba shi ne 'yan makonnin da jirgi ke fita daga ruwa don a gyara shi, da yadda waɗannan makonni ke juya kamfanin da ya mallake shi. Kamfanin Carnival na Amurka, idan aka haɗa da rassansa, yana da jirage sama da 90. Mutum zai zaci mai irin wannan dukiya sai yadda ya ga dama: wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma. Ba haka abin yake ba. A kalandar kowane jirgi akwai rana guda da ba a wasa da ita, wato ranar shiga ramin gyara. Ana iya sauya tasha, a sauya kyaftin, har sunan jirgin ma a sauya, amma wannan rana in ta kuɓuce, samun wata sai an sha wuya. Idan kuma yaƙi ko annoba ko kasuwa ta tilasta a kwashe jirage daga wani teku zuwa wani, a kan wannan rana rikicin ke tattaruwa, kuma akwai mutanen da ke biyan kuɗinsa da jikinsu.

Mu fara da girman abin. Oasis of the Seas, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finland aka gama a 2009, tsawonsa kusan mita 360 ne. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja sama da 6,000, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Shi ke samar wa kansa wutar lantarki, shi ke tace ruwan teku ya mai da shi na sha, yana da ɗakunan girki da na wanki da ɗan asibiti. Kuma ba ya hutu. Da asuba zai iso tasha ya sauke fasinjan makon jiya, da rana a loda abinci da mai, kafin magariba ya tashi da sabbin mutane. Haka shekara ke zagayowa. Duk ranar da ya kwana ba fasinja, albashi na tafiya, bashin banki na tafiya, kuɗi kuwa ba ya shigowa.

Doka ba ta bar gyaran a hannun mai jirgi ba. Yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, wadda Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya mai hedikwata a Landan ke kula da ita, ta wajabta a duba ƙasan jirgin fasinja kowace shekara. A cikin kowace shekara biyar, sau biyu dole dubawar ta kasance jirgi yana a bushe. An yi sassauci ga wanda bai kai shekara 15 ba: ana iya yarje masa ya fita daga ruwa sau ɗaya a shekara biyar, sauran lokutan masu nutso su shiga da kyamara su duba. Masu dubawar ba yaran kamfani ba ne. Sufetoci ne na hukumomin tantance jirage irin su Lloyd's Register ta Ingila, DNV ta Norway, RINA ta Italiya da Bureau Veritas ta Faransa. Wa'adi ya cika ba a duba ba, takardar jirgi ta mutu. Takarda ta mutu, inshora ta janye hannunta, kuma babu tashar da za ta bar shi ya ɗauki ko da mutum ɗaya.

To, mene ne ramin gyara? Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya ga makanike ya sa an hau da ita kan rami don ya shiga ƙarƙashinta, ya san dalilin. Bambancin kawai, a nan jirgin ne da kansa ke shiga cikin ramin. Wani ƙaton kwarmi ne na kankare a bakin teku, da ƙofar ƙarfe da ke tare ruwa. Kwanaki kafin jirgi ya iso, ramin na a bushe, ma'aikata na jera ɗaruruwan ginshiƙai masu kan katako, kowanne a daidai inda zanen jirgin ya nuna. Nauyin da zai sauka a kansu yakan kai tan 100,000 a manyan jirage, don haka ginshiƙi ɗaya in ya kauce ya tokari wurin da ba ƙashin ƙarfe a ciki, jikin jirgi zai lotsa. Idan an gama jeri sai a saki ruwa ya cika ramin, a janye ƙofa, ƙananan jiragen ja da igiyoyi su shigo da shi a hankali, taku bayan taku, har ya tsaya a tsakiya cif. A rufe ƙofa, famfuna su kama zuƙar ruwa na tsawon sa'o'i, masu nutso na ƙasa suna duba yadda yake zama a kan ginshiƙan.

Ruwa na janyewa sai abin da ido bai gani ba tsawon shekaru ya bayyana: gansakuka, da ƙananan halittun teku masu ɓawo da suka manne wa ƙarfen, ga ƙarni ya cika ramin. Wannan dauɗa ba ƙaramar asara ba ce, domin tana riƙe jirgi a cikin ruwa ta sa shi shan mai fiye da kima. Ana wanke ta da ruwa mai tsananin ƙarfi, a kankare tsatsa, a shafa fenti hawa-hawa, na ƙarshe mai hana halittun sake mannewa. Ana sauke anka da sarƙoƙinta a shimfiɗe a ƙasan ramin, a auna kaurin kowane zobe a ga ko ya cinye. Ana buɗe injinan farfela, waɗanda a sabbin jirage rataye suke a ƙarƙashin bayan jirgi suna juyawa ta kowace fuska, a sauya musu boris. Akwai wani ƙaramin abu da ke nuna irin natsuwar da aikin ke bukata: wuraren da ginshiƙai suka tokare ba sa samun fenti, saboda haka ana rubuta inda aka jera su, domin a zuwa na gaba a gusa da su kaɗan, wurin da aka tsallake ya samu rabonsa.

Wannan shi ne aikin da doka ta tilasta. Amma tunda jirgi ya riga ya tsaya, kamfani yakan cusa duk abin da yake so a cikin kwanakin nan. A cire kafet na dubban ɗakuna a shimfiɗa sabo, a rushe gidan abinci a gina wani, a ƙara ɗakunan kwana. Sabbin dokoki ma a nan ake cika su: tun 1 ga Janairun 2020 aka rage farar wutar da aka yarda ta kasance a man jirage daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5, abin da ya sa jirage da yawa suka saka na'urorin wanke hayaƙi. A wasu lokutan har yanka jirgi ake yi gida biyu. A Palermo ta Italiya, kamfanin Fincantieri ya yanka jiragen kamfanin MSC guda huɗu a 2014 da 2015 ya ƙara wa kowanne mita 24 a tsakiya, a 2018 kuma ya ƙara wa Silver Spirit mita 15.

Irin wannan aiki shirinsa yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Kafet da labule da katifa ba a kasuwa ake sayo su ba, sai an yi odarsu musamman domin dole su cika ƙa'idar jure wuta. Kwantenoni na isowa bakin ramin a jere bisa tsarin ranar da za a buɗe kowacce. Ƙugiyoyin ɗaga kaya 'yan kaɗan ne, kowane ɗan kwangila da sa'ar da aka ba shi. Tikitin tafiyar farko bayan gyara kuwa an sayar da shi tun shekara guda ko biyu da suka wuce. Ranar fita ma a kafe take kamar ranar shiga.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ramukan da za su iya ɗaukar waɗannan jirage ba su da yawa a duniya. A Marsey ta Faransa akwai rami na 10, mai tsawon mita 465 da faɗin mita 85, wanda aka sake buɗewa a 2017 bayan ya daɗe a rufe. A Brest, can arewa maso yammacin Faransa, akwai mai mita 420. A Kadiz ta Sifen kamfanin gwamnati Navantia na da mai sama da mita 380. A Hambag ta Jamus akwai Elbe 17 mai mita 351, inda Queen Mary 2 mai mita 345 ya shiga a 2016 da 'yar tazara kaɗan gaba da baya. Oasis ba zai shiga nan ba. Sai kuma na Singafo da Dubai da ƙasar Sin. Kuma ba jiragen shaƙatawa kaɗai ke layi ba: akwai tankokin mai da na iskar gas, da jiragen kwantena, da na soja.

Sannan kowa lokaci ɗaya yake so. Jiragen nan ƙaura suke yi da yanayi. Lokacin sanyin Turai da Amurka suna tekun Karibiyan, wasu a Dubai da Afirka ta Kudu da Ostireliya. Idan zafi ya shigo sai su koma Bahar Rum da arewacin Turai da Alaska. Tafiyar ƙaura takan faɗo ne wajen Maris zuwa Mayu, da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, kuma a nan ne ya fi sauƙi a tsaya gyara, tunda jirgi na kan hanya kuma kasuwa ba ta kai ƙololuwa ba. Wannan ne ya ɗaukaka Kadiz: tana bakin Tekun Atlantika, dab da mashigin Jibralta, duk jirgin da ya taso daga Amurka zuwa Bahar Rum ta ƙofarta zai wuce. Shi ya sa ake kama gurbi a can shekaru kafin lokaci.

Shekarar 2019 ta nuna yadda tsarin yake rataye da zare. Fasinja masu ɗimbin yawa daga jihar Florida suke hawa, kuma wurin gyara mafi kusa da su shi ne na Freeport a tsibirin Grand Bahama. Can ba ramin kankare ba ne, dandamali ne mai iyo: akwatin ƙarfe da ake cika tankunansa da ruwa ya nutse, jirgi ya shiga, a zuƙe ruwan ya taso da shi. Ranar 1 ga Afrilu, Oasis of the Seas na kan dandamali na biyu ana gyaran injin farfelarsa. Dandamalin ba shi da ƙarfin ɗaga jirgin gaba ɗaya, wani sashe kawai aka ɗaga. Sai ya gaza, ƙugiya ta rikito a kan bayan jirgin, mutum takwas suka ji rauni. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Aka soke tafiya uku, jirgin ya ƙetare Atlantika ba fasinja zuwa Kadiz. Kamfanin Royal Caribbean, mai jirgin, ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa haɗarin zai ci kimanin senti 25 a kan kowane hannun jari, wato wajen dala miliyan 50.

Asarar dandamalin ta fi ta jirgin daɗewa. Bayan wata uku Carnival Vista, mai mita 323, ya samu matsalar boris, ga shi babu inda zai hau a kusa. Sai aka ɗauko BOKA Vanguard na kamfanin Boskalis na Holan, wani jirgin dakon kaya masu nauyi da ke iya nutsar da bayansa. Ya nutse, aka jawo Vista a kansa, ya taso da shi sama, aka yi gyaran a haka. Ba a taɓa yi wa jirgin fasinja irin wannan ba. A watan Satumba kuma guguwar Dorian ta tsaya a kan tsibirin ta yi mummunar ɓarna. Tun daga nan manyan jiragen Florida suka koma yin tafiyar fiye da mako guda zuwa Turai don gyara, su sake yin wata su dawo. Gaɓar yammacin Amurka ma ba ta tsira ba. A ƙarshen 2023 Carnival Panorama ya samu matsalar inji, wurin gyaran da ya samu yana Portland, cikin kogi, a bayan gadoji. Sai da aka kai shi Victoria ta Kanada aka cire masa saman bututun hayaƙi kafin ya iya wucewa ƙarƙashinsu.

Wannan duk a lokacin da taswira ke zaune lafiya ke nan. Idan aka sauya wa jirgi kasuwa, gyaran da yake bukata ya wuce fenti, domin an ƙera cikinsa ne da wasu mutane a zuciya. Norwegian Joy an ƙera shi a Jamus a 2017 don 'yan ƙasar Sin, da ɗakunan shan shayi da manyan kantuna da wuraren caca. Shekara biyu kacal aka mai da shi Alaska, aka kashe kimanin dala miliyan 50 wajen sauya cikinsa ya dace da Amurkawa. Costa Venezia da Costa Firenze su ma don kasuwar Sin aka yi su. Da annoba ta rufe wannan kasuwa, sai aka miƙa su ga reshen Carnival, suka bi ta Kadiz ɗaya bayan ɗaya a 2023 da 2024, na farko ya tafi New York, na biyu Long Beach ta California. Har yau bututun hayaƙinsu ruwan ɗorawa ne irin na kamfaninsu na asali, Costa.

Misalin da zai fi kusa da zuciyarmu shi ne na Jidda. An ƙera World Dream a Jamus a 2017 don masu yawo daga Hong Kong da kudancin Sin. Kamfaninsa, Genting Hong Kong, ya durƙushe a farkon 2022. Saudiyya ta saye shi a 2023, aka kai shi Bremerhaven ta Jamus, aka yi fiye da shekara ana aiki a cikinsa. Aka fitar da wuraren caca, aka daina sayar da giya, aka keɓe wuraren salla, aka tsara abinci na halal. A watan Disambar 2024 ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda da sunan Aroya. Gangar jikin ita ce dai ta dā, amma kusan duk abin da fasinja zai taɓa an sake shi.

Annobar korona ta yi wa jadawalin kaca-kaca. Carnival Victory ya isa Kadiz a watan Maris na 2020 don aikin dala miliyan 200 da aka tsara gamawa cikin kwana 38, ya fito da sunan Carnival Radiance. Yana isowa Sifen ta kafa dokar ta-ɓaci. Jirgin ya zauna a can fiye da shekara guda, bai ɗauki fasinja ba sai Disambar 2021. Babban gyaran da aka shirya wa Allure of the Seas a 2020 bai samu ba sai 2025. Tsofaffin jirage kuwa, waɗanda lokacin babban bincikensu ya gabato kuma ba mai son kashe musu kuɗi, aka tura su Aliaga ta Turkiyya aka yanka su aka sayar da ƙarfen. Carnival Fantasy da Sovereign da Monarch duk a can suka ƙare a 2020.

Sai Bahar Maliya. Ranar 19 ga Nuwambar 2023 mayaƙan Huthi na Yaman suka kama jirgin dakon motoci Galaxy Leader, hare-hare suka biyo baya. A lokacin jirage da dama sun riga sun ratsa mashigin Suwez zuwa Dubai da gabashin duniya don kakar sanyi, kuma dole su dawo Turai kafin bazara. A watan Janairun 2024 Carnival ya sanar da sauya hanyar jirage 12 na rassansa bakwai. MSC ya soke tafiye-tafiye uku na watan Afrilu, ya sa Virtuosa da Opera da Splendida suka bi ta gaɓar yammacin Afirka zuwa Turai ba fasinja. Daga Dubai zuwa Italiya, zagaya Afirka ya ninka hanyar Suwez fiye da sau biyu, ƙarin kusan mako biyu ke nan a teku. Serenade of the Seas, da ke tsakiyar zagayen duniya na kwana 274, shi ma ya zagayo ta Kef Tawun har ya yada zango a Gana da Senegal. Waɗannan jirage sun wuce ta gaban Legas da Tema, amma da ɗayan manyansu ya samu matsala a ƙasansa a wannan tsakani, ramin Tema, wanda ke cikin mafi girma a yankinmu, mita 277 ne, Virtuosa kuwa ya haura mita 330.

Ku dubi mai tsara jadawali a irin wannan hali. Mako biyu sun ɓace masa. Daga ina zai ciro su? Gurbin da ya kama a rami ba zai gusa ba, domin wani jirgin na biye, an ma fara shirya ginshiƙansa. Wa'adin sufeto ba zai gusa ba sai da ɗan sassaucin da hukuma ta ga dama. Tafiyar farko ta bazara an sayar, mutane sun sayi tikitin jirgin sama sun ɗauki hutun aiki. Abin da ya rage masa uku ne: ya soke tafiye-tafiye ya mayar da kuɗi, ko ya rage aikin da za a yi, ko ya matse aikin cikin kwanakin da ba su isa ba. Na ukun ne ya fi arha a takarda, kuma shi ne nake so mu tsaya a kansa.

Su wane ne ke yin aikin? Babban gyara yakan tara 'yan kwangila fiye da dubu, wani lokaci ninkin haka: masu walda, kafintoci, masu aikin wuta, masu shimfiɗa kafet, daga Poland da Romaniya da Italiya da Birtaniya da Filifin da sauran wurare. A cikin jirgin suke kwana, a ɗakunan da ba a kai ga fasawa ba. Jirgi a bushe ba ya samun ruwan tekun da yake sanyaya injinansa, saboda haka wuta da ruwa daga tudu ake jawo masa, na'urar sanyaya ɗaki takan tsaya, banɗakuna da yawa a rufe. Aikin sa'a 12 a rana, ba Asabar ba Lahadi, ba baƙon abu ba ne. Ma'aikatan jirgin su ma ba hutu suke yi ba. Wanda jiya yake kai wa fasinja abinci, yau an ba shi tukunyar kashe gobara an tsayar da shi kusa da mai walda, aikinsa ya zuba ido a kan tartsatsi, ya kuma ci gaba da tsayuwa bayan an kashe wutar waldar, domin gobarar jirgi takan fara ne a ɓoye bayan bango. Idan aka matse kwanaki, mai fenti da mai walda sukan haɗu a lungu ɗaya a sa'a ɗaya, abin da tsarin asali ya raba da gangan.

Tarihi ya riga ya nuna ƙarshen irin wannan gaggawa. Normandie, jirgin alfaharin Faransa, yana tashar New York lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Aka ƙwace shi don a mai da shi na dakon soja, aka kuma matsa wa masu aiki lamba su gama cikin ɗan lokaci. Ranar 9 ga Fabrairun 1942 tartsatsin wutar yankan ƙarfe ya faɗa kan tarin rigunan ceto da aka jibge a babban falo. An riga an kashe tsarin kashe gobara na jirgin saboda aikin. Ruwan da 'yan kwana-kwana suka yi ta antaya masa ya taru a sama ya rinjaye shi, ya kife a gefensa a bakin tasha. Bai sake tafiya ba.

Wani lokaci fasinja ake ɗora wa nauyin. A watan Maris na 2018 Norwegian Sun ya tashi daga Miami zuwa Los Angeles ta mashigin Panama, tafiyar kwana 15, a kan hanyarsa ta zuwa gyara a Kanada. Don a rage aikin da ke jira, sai aka fara kankare benaye da shafa sinadarai mutane na ciki. Fasinjoji suka yi ta kukan ƙura da wari da ƙara, kamfanin ya ba da haƙuri ya kuma biya diyya. A ganina wannan ba kuskuren ma'aikacin da ke riƙe da injin kankara ba ne. An yanke hukuncin ne tun a ofis, ranar da aka rubuta aikin da ya fi kwanakin da aka kama.

Mutanen tudu ma suna da bakin magana. Yawancin masu aiki a ramukan Kadiz ba ma'aikatan Navantia ba ne kai tsaye, na ƙananan kamfanonin kwangila ne da ake ɗauka idan jirgi ya zo a sallama idan ya tafi. A watan Nuwambar 2021 ma'aikatan ƙarfe na lardin suka yi yajin aikin kwana tara a kan albashin da tsadar rayuwa ta cinye. A watan Yunin 2025 suka sake yi, har Carnival Liberty ya bar Kadiz aikinsa bai ƙare ba ya nemi wani ramin, aka soke wa fasinja tafiya a Amurka. Ina ganin haƙƙinsu ne su yi magana. Garin da jirage ke rububin ramukansa bai kamata masu shiga ƙarƙashin jirgin su rayu a kan kwangilar mako uku-uku ba.

Kamfanonin sun gane cewa kuɗi kaɗai ba ya sayen gurbi a ranar da ake bukatarsa, don haka suka koma sayen ramukan kansu. Costa ya sayi kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da ke gudanar da ramukan Marsey a 2016. MSC ya sayi rabin wurin gyaran Palumbo da ke Malta a 2020. Carnival da Royal Caribbean, waɗanda ke gasa da juna ba ji ba gani a kasuwa, sun daɗe suna tarayya a mallakar wurin gyaran Freeport, kuma a 2023 suka sanar da aikin kimanin dala miliyan 600 da ya haɗa da sabbin dandamali biyu masu iyo da aka ba wani kamfanin Qingdao ta ƙasar Sin kwangilar ƙerawa, babban cikinsu ya haura mita 400. An yi shi da wannan girma ne domin ya ɗaga jirage irin su Icon of the Seas, mai mita 365, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, gaba ɗayansu, ba wani sashe ba.

Wannan zai rage tafiyar banza zuwa Turai, zai kuma sassauta layin Kadiz da Marsey da Brest. Abin da nake fata shi ne kwanakin da aka samu a bar wa aikin kansa: idan injiniya ya ce gyara zai ci kwana 25, a kama 25 har da ɗan rara, kada a kama 21 a ce ma'aikata su cike gibin da dare. Sufetocin hukumomin tantancewa da gwamnatocin da jiragen ke ɗauke da tutarsu suna da ikon tambayar sa'o'in da 'yan kwangila ke yi, kamar yadda suke tambayar kaurin sarƙar anka, kuma ya kamata su riƙa tambaya, domin masana'antun Turku da Saint-Nazaire da Monfalcone na ci gaba da ƙera jirage masu wannan girma, kowannensu kuma cikin shekara biyar da fara aikinsa zai zo neman rami.